Daga Kasuwar Artisan zuwa asusun fansho: Abin da ake asara idan aka karya ajiya kafin wa'adinta

Tirelar da ta taso daga Potiskum ko Maigatari da lodin awaki takan kwana a hanya kafin ta gangaro ta Obollo-Afor, ta ratsa mahaɗar da ake kira 9th Mile, ta shigo Inugu. Tun ba a sauke dabbar farko ba lissafi ya kankama a Kasuwar Artisan: kuɗin mota, abin da aka zubar a shingayen hanya, akuyar da ta galabaita dole a yanka ta nan take, la'adar dillali, dusa da harawa na kwanakin da za a yi kafin kaya su ƙare. Kuɗi a wannan kasuwa ba ya kwana wuri ɗaya. Abin da aka sayar yau, gobe ya kama hanyar Arewa don a sake lodi, kuma wanda jarinsa ya maƙale a ranar da farashi ya faɗi a kasuwar ƙauye, sai dai ya kalli abokansa suna saye.

Sunan kasuwar kansa na ma'aikatan gwamnati ne. Bayan an gano kwal a yankin a 1909, aka kuma haɗa Inugu da Fatakwal da layin dogo a 1916, an gina wa ma'aikatan jirgin ƙasa masu sana'ar hannu, wato maƙera da kafintoci da kanikawa, unguwarsu, kuma daga sunan wannan unguwa kasuwar ta gaji nata. Jikokin waɗancan ma'aikata sun ga yadda tsofaffin reluwe suka yi shekaru suna bin bashin fanshonsu a ƙarƙashin tsohon tsari. Yau kuwa, ma'aikacin tarayya ɗan Arewa da aka tura aiki Inugu, ko Anacha, ko Fatakwal, a zangon Hausawa yake samun nama da goro da labarin gida, kuma a nan ne sau da yawa wani ɗan'uwa ke raɗa masa cewa da zai kawo ɗan abin da ya tara a juya masa kafin Kirsimeti, da ya ga alheri.

Daga wannan raɗa ake fara tunanin taɓa kuɗin da aka kulle domin tsufa. Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana, sai dai banki da hukumar fansho kowanne yana da tasa ranar da ya rubuta, wadda ba lallai ta zo daidai da ranar mai kuɗin ba. Tsakanin ranakun biyu akwai farashi, wani a rubuce a takarda, wani kuma ba a rubuta shi ko'ina ba.

Tara biyu a Amurka, akwati uku a Najeriya

A Amurka, inda aka fi yin muhawara a kan wannan batu, mutum yakan buɗe asusun ritaya na kansa, sannan ya zaɓi ya sa kuɗin cikin takardar ajiyar wa'adi ta wani banki, ta wata shida ko shekara ɗaya ko biyar. Idan ya matsu ya cire kafin lokaci, tara biyu ke jiransa. Bankin zai yanke masa ruwan wasu watanni saboda ya saɓa wa'adi, hukumar haraji kuma za ta ɗora masa ƙarin kashi 10 cikin 100 idan bai kai shekara 59 da rabi ba, in ban da wasu uzurori da doka ta lissafa. Mutane da yawa a can sukan san ɗaya su manta ɗayar, sai lokacin biyan haraji ya tuna musu.

Tsarin Najeriya ya sha bamban. Tun da Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa hannu a dokar gyaran fansho a 2004, wadda ta 2014 ta zamanin Goodluck Jonathan ta maye gurbinta, ma'aikaci ba shi ne ke zaɓar bankin da za a kai kuɗin fanshonsa ba. Ana cire kashi 8 cikin 100 daga albashinsa, mai aikin ya ƙara kashi 10, kuɗin ya tafi asusun ritaya mai ɗauke da sunansa. Kamfanin kula da fansho shi ke juya shi, wani kamfani daban kuma shi ke riƙe da shi, Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, tana sa ido a kan duka biyun. Jimillar wannan dukiya ta haura naira tiriliyan 20 a 2024, mafi yawanta a takardun lamunin Gwamnatin Tarayya, wani kaso kuma a ajiyar wa'adi a bankuna. Amma wannan ajiya tsakanin kamfanin ne da bankin. Ma'aikaci ba shi da takardar da zai je ya karya.

Saboda haka abin da Ba'amurke ke haɗawa a akwati ɗaya, ɗan Najeriya a akwati uku yake riƙe da shi: ajiyar wa'adi da ya yi da kansa a banki, zubin dole na fansho, da zubin ganin dama da yake ƙarawa a kai. Kowanne da makullinsa, kowanne da abin da ake biya idan aka fasa shi.

Ajiyar wa'adi: abin da takardar ke faɗa

Akwatin farko shi ne wanda ma'aikata suka fi sani, wanda a bakin mutane ake ce wa fis difozit. Nan ne kuɗin sallama na wanda ya yi ritaya yakan sauka, haka ma kuɗin da mataimakin wani mai muƙami ya tara kafin wa'adin ubangidansa ya ƙare. Ana ba banki kuɗi na kwana 30, ko 90, ko 180, ko abin da ya kai shekara, a kan ruwan da aka daidaita. Ƙa'idar cajin bankuna ta Babban Bankin Najeriya ta bar wannan ruwa a matsayin abin ciniki tsakanin banki da mai ajiya, wato wanda ya kawo kuɗi mai kauri kuma ya iya magana zai fi samun kaso mai kyau. Sharaɗin karya ajiya shi ma yana bambanta daga banki zuwa banki. Wani ya yanke wani kaso na ruwan da ya taru, wani ya mayar da lissafin zuwa ƙaramin ruwa, wani ya cinye ruwan gaba ɗaya ya miƙo uwar kuɗi kawai. Duk wannan yana cikin takardar da ake sa wa hannu ranar farko, wadda kusan ba mai karantawa, domin ido yana kan adadin ruwan da ma'aikaciyar banki ta ja wa layi da biro.

A ƙaddara, a matsayin misali, tsohon ma'aikaci ya ajiye naira miliyan 5 na kwana 180 a kan kashi 15 cikin 100 a shekara. Idan ya yi haƙuri wa'adi ya cika, ruwan zai kama kusan naira 370,000, a cire harajin kashi 10 da ake yankewa tun daga tushe, ya tashi da kimanin 333,000. Sai ga shi a kwana na 120 an bugo masa waya daga Artisan cewa raguna sun yi araha a Mubi, a kawo kuɗi. Ruwan da ya taru a ranar bai wuce 247,000 ba. In sharaɗin bankinsa shi ne yanke rabi, bayan haraji zai fita da kusan 111,000. In kuwa sharaɗin cinye duka ne, ya yi wa banki aikin wata huɗu kyauta ke nan.

Wannan asara tana da zafi, amma tana da iyaka, kuma mai ita zai iya lissafa ta kafin ya yanke shawara. Akwai wadda ta fi ta girma da ba ta fitowa a saƙon waya. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na watan Disambar 2024 sun nuna hauhawar farashi na kashi 34.80 cikin 100, bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da sakin naira ta nemo wa kanta daraja a kasuwa. A irin wannan shekara, ko da kaya sun tashi da kashi 30 ne kawai, abin da miliyan 5 ke saye a farkonta sai da miliyan 6 da rabi a ƙarshenta. Wanda ya bar kuɗinsa shekara cur a kan kashi 15, bai taɓa ko kwabo ba, zai karɓi miliyan 5 da 675,000 bayan haraji. Ya cika alkawari, ba a ci shi tara ba, amma ya yi gibin naira 825,000 a ƙarfin saye. Mai sayar da awaki bai karanta rahoton hukumar ba, amma ya san haka, domin a idonsa kuɗin motar Potiskum zuwa Inugu ya yi ta hawa. Shi ya sa idan aka ce masa ya kai jarinsa banki ya kulle, yakan yi murmushi kawai.

Ba za a ce ya yi kuskure ba, amma shi ma akwai abin da ba ya son tunawa. Jarin da ke tafiya a kan ƙafa huɗu yana mutuwa, ana sace shi, yana kuma maƙalewa a hanya. A ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da haɗaɗɗiyar ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na kusan mako guda, wanda ke da bashi a wuyansa ya ji a jikinsa. Daga Agustan wannan shekara kuma dokar zaman gida ta ranar Litinin ta cinye wa kasuwannin Kudu maso Gabas kwana ɗaya a kowane mako. Ma'aikacin da ya karya ajiyarsa ya miƙa wa ɗan'uwa ba tare da rubutu ko shaida ba, ya bar asarar da ya san iyakarta ya rungumi wadda ba ta da ma'auni. Kuma idan jarin ya narke, zumunci ne ke biyan tara.

Akwai dabaru biyu da tsofaffin ma'aikatan banki suka sani, masu ajiya kuwa ba kasafai ake gaya musu ba. Ta farko ita ce a raba kuɗin kashi-kashi: maimakon miliyan 5 a takarda ɗaya, a yi takarda uku ko huɗu masu wa'adi daban-daban, ta yadda idan buƙata ta taso guda ɗaya za a fasa, sauran su ci gaba. Ta biyu ita ce bankuna da dama suna ba da rance a kan ajiyar mutum, ta zama jingina. Ruwan rancen ya fi na ajiyar tsada, amma idan saura mako biyu ko uku wa'adi ya cika, wani lokaci ya fi sauƙi a kan zubar da ruwan wata biyar. Sai kuma tarkon da ke ƙarshen wa'adi: idan mai kuɗi bai ba da umarni ba, banki yakan sabunta ajiyar da kansa a kan ruwan da ake yi a ranar, sai mutum ya zo ɗaukar kuɗinsa bayan kwana uku ya tarar sabon wa'adi ya fara.

Batun ko bankin ma zai kai ranar, tambaya ce da ta daina zama ta masu camfi tun ranar 3 ga Yunin 2024, da Babban Banki ya soke lasisin Bankin Heritage. An yi sa'a wata guda kafin nan hukumar inshorar ajiya, NDIC, ta ɗaga abin da take lamuncewa kowane mai ajiya a bankin kasuwanci daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. Waɗanda kuɗinsu bai wuce haka ba an biya su. Masu fiye da haka sai jiran a sayar da kadarorin banki a karɓo basussukansa, kuma kason farko da aka raba musu a Afrilun 2025 kwabo 9.2 ne a kan kowace naira. Duk wanda ya zuba kuɗin sallamarsa na shekara 35 a banki ɗaya saboda ruwansa ya ɗara na saura, ya kamata ya riƙe wannan adadi a kansa.

Zubin dole: ƙofa a kulle, da ƴan tagogi

Akwati na biyu ba shi da tara, domin ba a buɗe shi ma. Dokar 2014 ta hana taɓa asusun ritaya kafin shekara 50, kuma ko an kai 50 sai an bar aiki. Ma'aikacin tarayya da ke kan kujerarsa ba zai iya zuwa ya ce a yanke masa kaza a ba shi saura ba, ko da ya yarda da asarar. Sojoji da jami'an leƙen asiri an fitar da su daga tsarin tun 2011, amma mafi yawan sauran ma'aikata, har da ƴan sanda da suka daɗe suna neman a fitar da su, wannan ce dokarsu.

Tagogin da aka bari kaɗan ne. Wanda likitoci suka tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba yana da damar karɓa kafin 50. Daga Satumbar 2022 kuma an ba da izinin amfani da abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na asusun ba a matsayin kafin alƙalami na rancen sayen gida, ga wanda aka yi wa zubi na aƙalla wata 60. Tagar da ta fi shafar mataimakan masu muƙaman siyasa da ma'aikatan kwantiragi ita ce ta uku: wanda ya rasa aiki bai kai 50 ba, ya kuma yi wata huɗu bai samu wani ba, zai iya cire har kashi 25 cikin 100. Sauran sai ya kai shekarun.

Duk bayan shekara huɗu, idan gwamnati ta sauya, Abuja takan cika da masu wannan lissafi. Mutum ya saba da mota da direba, ga haya a Gwarimpa ko Lugbe, ga kuɗin makaranta, ga albashi ya tsaya cak. Ba wanda zai zarge shi idan ya nufi ofishin kamfanin fanshonsa da takardar sallama. Ba a cire masa tara, ba a cire haraji, shi ya sa ake ganin kamar kyauta ce. Amma a ƙaddara mai shekara 40 ne, yana da miliyan 8, ya ɗauki miliyan 2. Da an bar wannan kuɗi yana haihuwar kashi 10 a shekara, da ya haura miliyan 5 lokacin da zai cika 50, ya haura miliyan 13 lokacin da zai cika 60. Gaskiya ne hauhawar farashi za ta ci wani abu daga darajar waɗannan alƙaluma, amma daga ragowar asusun ake lissafa dunƙulen da za a ba shi ranar ritaya da abin da zai riƙa karɓa duk wata har ƙarshen rayuwa. Wannan tara ba ta zuwa da rasit. Tana zuwa ne a kowane ƙarshen wata, a shekarun da ƙarfin neman wani aiki ya ƙare. Idan kuɗin ya tafi ga biyan haya ko magani, ya yi aikin da doka ta tanade shi dominsa. Idan kuwa ya tafi ga sana'ar da mutum bai taɓa yi ba, a garin da ba ya zaune, a hannun wanda ba zai iya tuhuma ba, to da wuya a kira shi jari.

A ranar ritaya ma akwai ƙofar da in an shiga ba a fitowa. Mai karɓar fansho kashi-kashi daga kamfanin fanshonsa yana iya komawa tsarin kamfanin inshora mai biya har mutuwa, amma wanda ya fara da na inshora ba ya dawowa.

Zubin ganin dama da agogon shekara biyar

Akwati na uku shi ne ya fi kama da abin da ake yi a Amurka, kuma shi ne manyan ma'aikata suka fi ruɗewa a kansa. Doka ta yarda ma'aikaci ya ƙara zubi bisa son ransa a kan na dole, ta hannun mai biyansa albashi, matuƙar bai wuce sulusin albashin wata ba. Abin da ya sa yake da farin jini shi ne ana cire shi kafin a lissafa haraji. Wasu masu babban albashi suka gane hanya: su zuba da yawa a wannan wata don harajinsu ya ragu, su je su kwashe bayan ɗan lokaci. Da hukumomin haraji suka koka a 2017, PenCom ta ɗaure ƙofar a ƙarshen shekarar. Aka raba zubin gida biyu, rabi ya zauna sai ritaya, rabi na ko-ta-kwana, shi ma sai ya shekara biyu kafin a taɓa. A 2024 aka rage wannan jira zuwa shekara ɗaya.

Tarar kanta tana sashe na 10 na dokar 2014: ribar da zubin ganin dama ya haifa za a cire mata haraji a lokacin cirewa, idan an cire kafin cikar shekara biyar daga ranar da aka yi zubin. Muhimmin wuri a nan shi ne ranar zubi. Agogon ba ya farawa daga ranar da aka buɗe asusu. Kowane zubi da nasa agogon. Wanda ya fara a 2020 yana zubawa duk wata, zubin da ya yi a 2020 ne kawai ya cika shekara biyar a 2025, na bara kuwa yana da sauran tafiya. Da yawa sukan ce sun shekara shida suna zubi, don haka ba haraji a kansu, sai takardar biya ta fito da ragi, a yi ta cacar baki da ma'aikacin da bai yi komai ba face bin doka.

Abin da ya fi harajin zafi shi ne rabin da ba ya fitowa. Wanda ya ɗauki zubin ganin dama tamkar adashi, yana jiran ranar kwasa don aurar da ɗiya ko biyan kujerar Makka, zai tarar rabin abin da ya zuba ne kawai ke amsa kiransa. Tsari ne mai kyau ga kuɗin da aka yi niyyar mantawa da shi, mummuna ga kuɗin da aka riga aka sa wa rana.

Su kuma na cikin kasuwa

Fatake da dillalai da mahauta da masu shayi na Artisan, da takwarorinsu na bakin gadar Anacha da na Fatakwal, ba su da mai cire musu kashi 8. Fanshonsu na gargajiya shi ne gida a garinsu, gona, shanun da aka ba Bafulatani kiwo, da ƴaƴa. Domin irinsu ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da ƙaramin shirin fansho na masu sana'ar kansu a Maris 2019. Waɗanda suka tsara shi sun fahimci cewa ɗan kasuwa ba zai yarda da ƙofar da ba ta buɗewa ba, sai suka raba kowane zubi: kashi 60 na tsufa, kashi 40 na ko-ta-kwana, wanda za a iya fara taɓawa bayan wata uku da zubin farko. A 2025 hukumar ta sake wa shirin suna da fasali don jawo ƙarin jama'a, abin da ke nuna karɓuwarsa ba ta kai yadda aka yi fata ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san zango. Baƙo a garin wasu yana son dukiyar da zai iya ɗauka ya tafi da ita cikin dare ɗaya idan gari ya rikice, kuma tarihin Hausawan Kudu maso Gabas ya koya musu haka fiye da sau ɗaya. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da mutum ke da kuɗi a banki amma ba ya iya sayen akuya a kasuwar ƙauye da ba a karɓar tiransifa, ya ƙara musu shakka. Sai dai a nan ne asusun fansho ke da wata fa'ida da ba a cika faɗa musu ba: ba ya ƙonewa idan rumfa ta ƙone, ba a rushe shi idan aka tashi kasuwa, kuma wanda ya buɗe shi a Inugu zai iya karɓa a Gusau. Mai ƙorafi a kan kamfaninsa yana da ofishin shiyya na PenCom a Awka, na Kudu maso Kudu kuma a Kalaba, sannan tun Nuwambar 2020 kowa yana da damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara.

Ga mutane da yawa a zango da ma cikin ma'aikatu, matsalar ba tarar ba ce, ruwan ne kansa. Wanda ke gudun riba ba ya baƙin cikin an cinye masa ruwa, tun farko bai so shi ba. Bankunan da ba sa harka da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, suna karɓar ajiyar wa'adi bisa mudaraba, inda ake raba ribar da aka samu maimakon yanke adadi tun farko. Amma su ma suna da wa'adi, kuma wanda ya janye kafin lokaci yana iya rasa rabonsa na ribar zangon da bai cika ba, gwargwadon abin da aka rubuta a yarjejeniya. A ɓangaren fansho an buɗe Asusu na Shida a 2021 domin masu son a juya kuɗinsu a hanyoyin da ba ruwa, sai dai sauya asusu ba ya sauya makulli: shekara 50 tana nan, agogon shekara biyar yana nan. Sukuk ɗin Gwamnatin Tarayya na farko, na naira biliyan 100 a 2017, wa'adin shekara bakwai aka sa masa, kuma wanda ya matsu kafin nan sai dai ya sayar a kasuwar hannun jari a farashin da ya samu. Da irin wannan kuɗi aka gyara sassan babbar hanyar Inugu zuwa Fatakwal, wadda tirelolin dabbobi ke bi idan sun wuce Kudu.

Kalandar Artisan ba ta canzawa sosai. Ciniki yakan tashi a Ista, ya sake motsawa a bikin sabuwar doya wajen Agusta, ya kai ƙololuwa a Disamba lokacin da ƴan ƙabilar Ibo ke dawowa gida daga ko'ina, ana bukukuwan aure da na binne manya. Babbar Sallah kuma tana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, tana jan farashin rago tun daga kasuwannin Arewa. Kalandar ma'aikaci ita ma sananniya ce: kuɗin makaranta a Satumba da Janairu da Afrilu, haya a watan da aka shiga gida, azumi da Sallah biyu. Mafi yawan abin da ake kira larurar gaggawa a gaban kantar banki yana cikin waɗannan jeri biyu, an san da zuwansa tun watanni. Ajiyar kwana 180 da aka yi a tsakiyar Yuli za ta cika ne a tsakiyar Janairu, bayan an gama cinikin Kirsimeti an share rumfuna. Da ta kwana 90 aka yi, da kuɗin ya fito a Oktoba, lokacin da fatake ke fara aika saƙo Potiskum a tara musu kaya.